Koko: Daga Ƙasar Meziko Zuwa Teburin Mai Shayi a Sabo



Kalma ɗaya ce take ɗauke da abu biyu a bakin Bahaushen Sabo. In ka ce koko a Kano ko Katsina, ba wanda zai kawo wani abu a ransa sai na gero, wanda ake sha da ƙosai da sassafe. Amma mu da muke zaune a Badun, in aka ce ga motar koko nan ta taso daga Ondo ko Ife, mun san buhunan ƙwayar nan ce mai ruwan ƙasa, mai ɗan warin tsami, wadda maƙwabtanmu Yarabawa suke nomawa. Tarihin wannan na biyun muke so mu bayar, domin ya shiga gidajenmu ta wata ƙofa da ba mu cika lura da ita ba. Shi ne a cikin haɗin kaurin da mai shayi yake yi mana, shi ne a gwangwanin da muke riƙawa in za mu gaida mara lafiya a asibiti, ko mai jego, ko tsohon da ya daina cin tuwo. Muna kai shi da zuciya ɗaya a matsayin abin gina jiki, wani lokaci ma ga wanda likita ya riga ya ce masa yana da ciwon suga. To, ya kamata mu san abin da muke miƙa wa mutum.

Itacen koko ba na Afirka ba ne. Asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka ne, wajen da kogin Amazon ya faro. Masu tonon kayan tarihi sun sami burbushinsa a cikin tukwane a ƙasar Ekwado, waɗanda suka kai shekara 5,000 da ɗoriya. Daga can ya haura zuwa yankin da yau ake kira Meziko da Gwatamala, inda al'ummar Maya, daga baya kuma Aztek, suka ɗaukaka shi ƙwarai. Yadda suke shansa zai ba mai karatu mamaki. Sukan gasa ƙwayar, su niƙa a kan dutse, su dama da ruwa, su zuba barkono, wani lokaci da garin masara ko banila ko ɗan zuma. Ba madara, domin ba su da shanu. Ba sukarin rake, domin rake bai kai musu ba tukuna. Abu ne mai ɗaci, kuma abin da suka fi so a cikinsa shi ne kumfa. Don su tayar da kumfar sai mace ta ɗaga ƙoƙo sama ta kwararo a wani ƙoƙon da ke ƙasa, ta sake, ta sake. Akwai zanen haka a jikin wata tukunyar Maya da ta haura shekara 1,200. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai shayin bakin masallaci yana fifita shayi tsakanin kofi biyu, ya ga hannun nan.

A wajen Aztek ƙwayar koko kuɗi ce, kamar yadda wuri ya kasance a wajen kakanninmu. An sami wata takardar farashin kasuwa ta shekarar 1545 daga garin Tlaxcala, inda macen talotalo take ƙwaya 100, babban tumatir kuma ƙwaya ɗaya. Har 'yan damfara suna da su: mutum zai fafe cikin ƙwayar, ya cusa laka, ya liƙe ɓawon, ya shiga kasuwa da ita. Ɗan kasuwa dai duk inda yake sai ya buɗe ido. Kuma tunda kuɗi ce, ba kowa ne yake narkar da ita ya sha ba. Sarakuna ne da mayaƙa da manyan fatake.

Kolumbus ya ci karo da ita a 1502 a cikin wani babban kwalekwalen fatake kusa da gaɓar Honduras. Mutanensa sun lura cewa in ƙwaya ɗaya ta faɗi sai kowa ya duƙa yana nema, amma ba su gane dalili ba. Sai bayan da Sifaniyawa ƙarƙashin Kotes suka rushe daular Aztek a 1521 ne Turawa suka koyi shanta. Da farko ba ta yi musu daɗi ba. Su ne suka cire barkono, ko suka rage shi, suka zuba sukari da kirfa, suka koma shanta da zafi, suna burga ta da wani ɗan ice mai kama da maburgin miyarmu. Zuwa 1585 an fara sauke ta a matsayin haja a tashar jirgin ruwa ta Sebil. A nan ne auren koko da sukari ya ɗauru, kuma har yau ba a raba shi ba. Sukarin nan kuwa, kada mu manta, a gonakin raken tsibiran Karebiyan da Barazil ake yin sa, da gumin bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka.

Akwai wata mas'ala da ta taso a lokacin wadda za ta ba ɗalibai dariya. Malaman cocin Katolika sun shafe shekaru suna gardama a kan ko shan cakulan yana karya azuminsu. Wani masani mai suna Antonio de León Pinelo ya wallafa littafi sukutum a kan haka a Madrid a 1636. A 1662 wani Kadinal mai suna Brancaccio ya ba da ra'ayin cewa abin sha ne, abin sha kuwa ba ya karya irin nasu azumin. Mu dai Allah Ya hutar da mu wannan gardama, tunda ko ɗigon ruwa ne ya wuce maƙogwaro da gangan magana ta ƙare. Amma masu cewa yana karyawa suna da hujja mai ƙarfi, domin sun lura mutum yakan sha kofi ɗaya ya wuni bai ji yunwa ba. Dalilin shi ne kusan rabin nauyin ƙwayar koko mai ne. Abin da suke sha a zamanin ya fi kusa da kunun gyaɗa mai kauri fiye da abin da muke sha yau.

A Turai da sunan magani ya fara yaɗuwa. Likitoci suna ba masu rama da masu tari da waɗanda ciwo ya kwantar. An buɗe shagon shansa na farko a Landan a 1657. Wani likita, Hans Sloane, wanda ya zauna a Jamaika daga 1687 zuwa 1689, sunansa ya shahara da haɗa shi da madara, aka daɗe ana sayar da haɗin da sunansa a Ingila. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa itacen suna Theobroma, wanda da Girkanci yake nufin abincin alloli. Wa'iyazu billahi, suna dai nasu ne, amma ya nuna irin matsayin da suka ba shi. Tun daga wancan zamani ne sunan "abin ƙara lafiya" ya manne wa koko, kuma 'yan talla ba su taɓa barin sunan ya faɗi ba.

Babban canji ya zo a 1828 a Amsterdam ta ƙasar Holan. Gidan Van Houten suka ƙera injin matsa, wanda yake tatse mafi yawan man ƙwayar ya bar tunkuza, kamar dai yadda matanmu suke yi wa gyaɗa kafin su yi ƙuli-ƙuli. Tunkuzar ce ake niƙawa ta zama garin koko. Su ne kuma suka fito da dabarar gauraya shi da wani sinadari ɗan'uwan kanwa, wanda yake kashe tsami da ɗaci, ya sa garin ya yi duhu, ya kuma fi saurin haɗuwa da ruwa. Mu riƙe wannan magana ta kanwa, za mu dawo kanta. Da garin ya yi araha sai talaka ma ya samu. A Ingila iyalan Cadbury da Fry da Rowntree, dukkansu 'yan wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kweka, suka rungumi sana'ar, wani ɓangare don su ba leburori abin sha da zai raba su da giya. John Cadbury ya buɗe shagonsa a Birmingham a 1824. Niyya ce mai kyau, ba za mu hana su ita ba.

Da buƙata ta ƙaru sai aka nemi sabuwar ƙasar noma. Turawan Fotugal suka kai itacen daga Barazil zuwa tsibiran Sao Tome da Principe a farkon shekarun 1820, daga nan ya shiga Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko. Aikin gonakin Sao Tome bauta ce aka canza wa suna, ana kwaso mutane daga Angola ba mai komawa gida, har sai da abin ya zama abin kunya, kamfanonin Ingila suka daina sayen kokon tsibirin a 1909. A Gana ana tunawa da wani maƙeri, Tetteh Quarshie, wanda ya dawo daga Fernando Po da 'ya'yan koko ya shuka a Mampong a 1879. Zuwa 1911 Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, ta zama ta ɗaya a duniya, kuma ƙananan manoma ne suka yi wannan aiki da gatari da adda, ba kamfanin Bature ba.

A Najeriya ya fara shigowa ta wajen Bonny da Kalaba a shekarun 1870, amma a ƙasar Yarabawa ya sami gindin zama. Wani attajirin Ikko, J.P.L. Davies, ya kafa gona a Ijon wajen 1880. Bayansa J.K. Coker da abokansa suka mai da Agege cibiyar noman koko, suka kafa ƙungiyar manoma a 1907. Leburorin da suka yi aiki a gonakin Agege su ne suka koma garuruwansu da iri da sanin aikin, ya bazu zuwa Badun da Ife da Ilesha da Ondo. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya sauƙaƙa kai kaya teku. Shi wannan jirgin, da ya kai Kano bayan shekara 10, shi ne ya kawo yawancin kakanninmu, har aka yanka musu Sabo a 1916.

A nan tarihinmu da na koko suka yi kafaɗa da kafaɗa, amma kowa da hanyarsa. Kakanninmu goro ya kawo su, da shanu. Kafin nan Gwanja ake zuwa fataucin goro, tafiyar watanni da jakuna. Da aka fara shuka irin goron Gwanja a Agege da Ota da Shagamu, wanda har yau Yarabawa suke kira gbanja, sai tafiya ta gajarce. Sau da yawa a gona ɗaya za ka ga itacen goro da na koko, kuma masana tsirrai sun ce dangi ɗaya ne. Bambancin shi ne, mai cin goro yana Arewa, ɗan'uwanmu ne, mun san bakinsa, mun san yadda ake lulluɓe huhu ya kai Kano bai lalace ba. Mai shan koko kuwa yana Turai, kuma manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt ne suke saye ta hannun dillalai 'yan ƙasa. Shi ya sa cinikin goro ya zauna a hannunmu, na koko ya wuce mu. Abin da ya kai mu gonar koko sai ƙwadago: 'yan cirani da yawa sun yi sharar gona, sun fasa kwasfa, sun yi dakon buhu.

Wanda bai taɓa gani ba, kwasfar koko a jikin kututturen itacen take fitowa, kowace da ƙwaya 30 zuwa 40 a cikin wani farin abu mai zaƙi-zaƙi. Ana tara ƙwayar a rufe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ta ruɓa, sannan a shanya a rana kamar mako guda. Ruɓawar nan ce take fito da ƙamshin, kamar yadda kalwa ba ta zama daddawa sai ta kwana a rufe.

Kuɗin koko ya yi aiki a wannan gari, kuma mu ma mun sha inuwarsa. A 1947 aka kafa hukumar sayen koko, wadda take yanka wa manomi farashi ta riƙe rarar. Da wannan rara gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, ta buɗe gidan talabijin a 1959, aka gina filin wasa na Liberty, sannan Cocoa House mai hawa 26 a Dugbe a 1965, wanda muke hangowa daga unguwa. Manomin da aka tsakure wa kuɗi yana da nasa ƙorafin, kuma yana cikin abin da ya hura wutar boren Agbekoya a 1968 da 1969. A shekarun nan Najeriya ce ta biyu a duniya. Da man fetur ya zo aka yi watsi da gona, gobara ta ci Cocoa House a 1985, aka rushe hukumar a 1986. Yau Kwaddibuwa da Gana su biyu suke fitar da kimanin rabin kokon duniya.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, manomin da ya shuka koko ba ya shansa. Ba ya cikin abincin Bayarabe, ba ya cikin namu. Buhu yake tafiya, gwangwani ya dawo. Kuma abin da ya dawo a gwangwanin wani abu ne dabam da ya samo asali daga wani tarihin. Ovaltine a ƙasar Siwizalan aka fara shi a 1904, haɗin tsiron sha'ir da madara da ƙwai, don marasa lafiya. Milo wani Bature ne, Thomas Mayne, ya haɗa shi a Ostireliya a 1934, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye yara suna fama da ƙarancin abinci. Bournvita na gidan Cadbury ne, waɗanda suka kafa kamfaninsu na Najeriya a Ikeja a 1965. Dukkansu abin sha ne na tsiro, irin tsiron da ake sa wa kunun zaƙi, aka ƙara musu sukari da madara, koko kuma ya shigo don launi da ɗanɗano. Wani abin sha'awa, da gwamnati ta hana shigo da sha'ir da tsironsa a 1988, sai masana'antun ƙasar nan suka koma ga dawa. Ke nan dawar da ake lodi daga kasuwannin Arewa tana cikin gwangwanin da muke ɗauka kayan Turawa ne.

Wanda kuwa ya kai wannan abin sha kowane lungu na Kudu, ɗan'uwanmu ne mai shayi. Daga Ikko zuwa Fatakwal, in ka ga tebur da gwangwanaye a jere kamar dala, da tulin burodi da kiret ɗin ƙwai, ka san wanda zai amsa maka sallama. Sana'a ce da ta rufa wa dubban mutane asiri, ta aurar, ta gina gidaje a ƙauyuka. Ba mu rubuta wannan don a guje ta ba.

To, me yake cikin ƙwayar ita kanta? Garin koko zalla, wanda ba a sa masa komai ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa furotin ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma irin dusar nan ce mai taimaka wa hanji. Yana da maganiziyam da yawa, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Sai dai a yi hattara da lissafi. Alƙaluman da ake yaɗawa na giram 100 ne, alhali babban cokali ɗaya bai wuce giram 5 ba, kuma ba mai shan cokali 20 a zama ɗaya. Ƙarfen da ke cikinsa ma jiki ba ya ɗaukarsa sosai, domin sinadaran da suke ba shi ɗaci suna riƙe shi, kamar yadda ganyen shayi yake yi. Mai ƙarancin jini da mai ciki, hanta da nama da wake da zogale sun fi musu, tare da maganin da aka ba su a asibiti.

Yana da kafeyin, amma kaɗan: kofin koko bai cika wuce miligiram 10 ba, inda kofin shayin Lipton yake kai 40 ko 50. Goro ya fi shi nesa ba kusa ba. Wanda ya fi yawa a cikinsa shi ne tiyoburomin, ɗan'uwan kafeyin mai sanyin hali, wanda goro ma yake da ɗan kaɗan. Shi yake kawo 'yar walwalar nan ba tare da bugun zuciya ba. Ɗan Adam yana narkar da shi lafiya, amma guba ne ga kare, kuma masu kiwon doki da kaji su yi hankali da ɓawon koko a cikin abincin dabba.

Abin da ya fi jan hankalin likitoci shi ne wasu sinadarai da ake kira filabanol. Labarin ya yi ƙarfi ne a shekarun 1990, da wani likitan Jami'ar Harvard, Norman Hollenberg, ya yi bincike a kan al'ummar Kuna da ke tsibiran gaɓar Panama. Ya ga hawan jini bai cika kama su ba ko sun tsufa, kuma suna shan koko kofi da yawa a rana, amma 'yan'uwansu da suka koma birni sun rasa wannan kariya. Ba a nan aka tsaya ba, tunda mutumin tsibiri ya bambanta da na birni ta fuskoki da yawa, daga cin kifi har yawan motsa jiki. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna filabanol yana taimaka wa jijiyoyin jini su saki, har hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta amince a 2012 a riƙa faɗin haka ga abin da yake ba da miligiram 200 a rana. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2017, sai aka ga yana sauke awon jini da kimanin maki 2. Wanda awonsa yake 170, kun ga maki 2 ba za su fitar da shi daga haɗari ba. Gwaji mafi girma, mai suna COSMOS, an yi shi a Amurka a kan dattawa fiye da 21,000, aka fitar da sakamako a 2022. Adadin masu kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar jiki gaba ɗaya bai ragu yadda za a kafa hujja da shi ba, ko da yake mutuwa ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin 100. Kuma a lura, ƙwayar magani aka ba su mai ɗauke da miligiram 500 na filabanol, ba sukari ba madara.

Yanzu mu dawo kan kanwar Van Houten. Filabanol yana cikin abin da yake sa koko ɗaci da bauri. Ruɓarwa tana rage shi, gasawa tana ragewa, sinadarin nan mai kama da kanwa kuma yana kashe fiye da rabin abin da ya saura, wani lokaci kusan duka. Wato duk matakin da aka ɗauka cikin shekara 500 don a sa koko ya yi daɗi a baki, ya ɗebe wani abu daga amfaninsa. Sannan ɗan abin da ya tsira aka zuba shi kaɗan a cikin tsiro da sukari. Kowa ya ɗauki gwangwanin gidansa ya duba, ko ya sa yaro ɗan makaranta ya karanta masa. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. A mafi yawansu za a ga tsiro da sukari ne a gaba, koko yana biye a baya. A Indiya ma, a watan Afrilu na 2024, gwamnati ta umarci masu sayar da kaya ta intanet su daina jera irin waɗannan a ƙarƙashin sunan abin sha na lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abinci a rana. Ga babban mutum wannan kamar giram 50 ne, ƙaramin cokali 12. Ta ce in an iya tsayawa a cokali 6 ya fi. To mu lissafa haɗin kauri: garin da aka tula cokali uku ko huɗu da nasa sukarin a ciki, ga tsiron shi ma zaƙi ne da yake shiga jini da sauri, sannan mai shayi ya ƙara cokali biyu ko uku, in madarar mai zaƙi ce ita ma da nata, ga burodin Agege a gefe. Kofi ɗaya na safe zai iya cinye cokali shidan nan tun rana ba ta ɗaga ba, kuma da yawanmu muna komawa bayan isha'i. Ga ɗan dako ko mai tura baro wanda zai ƙone shi kafin azahar, da sauƙi. Ga Alhajin da zai wuni a zaune a rumfa yana canjin kuɗi ko jiran motar goro, lissafin ya sha bamban. A Ramadan abin ya fi yawa, domin bayan kunu da lemo da dabino sai a rufe da shi, a kuma sake da sahur. Malamai sun karantar da mu hanin da ya zo a Suratul A'araf game da ɓarna a ci da sha, kuma ba zubar da abinci kaɗai ake nufi ba.

Kada a ce mun kushe shi gaba ɗaya. Madarar da ke ciki tana da furotin da kalsiyam, kamfanoni kuma suna ƙara bitamin da ƙarfe, wanda yake da amfani ga yaron da abincinsa bai wadata ba. Mara lafiyar da ya kasa cin komai, in ya iya kurɓar kofi mai ɗumi, an samu ci gaba. Amma mai ciwon suga, kai masa wannan gwangwani ba gaisuwa ba ce. A kai masa ƙwai, ko kifi, ko a ba shi kuɗin magani a hannu. Jariri kuwa nono zalla ne har wata 6, kuma likitocin yara suna hana ƙara wa yaro sukari kafin ya cika shekara 2. Abin da wasu iyaye mata suke yi na ɗura wa jariri shayin gwangwani a bulumboti ya kwana da shi a baki, shi yake cinye haƙoran gaba tun suna fitowa. Mai fama da ƙwannafi ya lura, koko yana iya tayar masa da shi, haka wanda aka taɓa cire wa tsakuwar ƙoda ya tambayi likitansa. Sai zafi: hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta bayyana a 2016 cewa yawan shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 yana iya jawo ciwon dajin maƙoshi. Fifitawar da mai shayi yake yi tana da amfani, a bar shi ya gama.

Wanda yake son amfanin ƙwayar, ana samun garin koko zalla a manyan kantunan garin nan, kuma a ƙasar nan ake yin sa, akwai masana'antu a Ile-Oluji ta jihar Ondo da Ede ta jihar Osun. A nemi wanda bai yi baƙi ƙirin ba, mai ruwan ƙasa-ƙasa, shi ne wanda ba a sa wa sinadarin ba. Cokali ɗaya a ruwan zafi, da madara, da sukari cokali ɗaya ko babu. Yana da ɗaci, gaskiya ne. Amma mutanen da suke tauna goro tun suna samari, suke cin ɗata da miyar shuwaka, ba su ne za su ce ɗaci ya kore su ba. Wasu suna jefa citta ko kanumfari, kuma yana karɓa.

A shekarar 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kowane tan, abin da ba a taɓa gani ba, saboda cuta da rikicewar damina sun lalata amfanin Gana da Kwaddibuwa. Manoman Ondo da Osun da Kuros Riba sun ga kuɗin da iyayensu ba su gani ba, har ɓarayi suka koma satar kwasfa a gona. Mu kuma ta ɓangaren gwangwani abin ya same mu, ga faɗuwar naira a kai. Masu shayi da yawa sun koma sayen garin awo, wanda ake ƙullawa a leda ba suna ba lambar NAFDAC. Tunda koko ne mai tsada a cikin haɗin, sukari kuma mai araha, ba sai an gaya wa ɗan kasuwa wanne za a rage wanne za a ƙara ba. Muna roƙon shugabannin masu shayi na unguwa su duba inda 'ya'yan ƙungiyarsu suke saro wannan gari, su kuma saba wa yaransu da tambayar mai saye cokali nawa yake so kafin a zuba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.